Abin da Za a Sassaƙa a Dutsen Baba

Zuwa ga ƙanena Ralph,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da Jemima da yara kuna lafiya a can Ostareliya, Allah ya ƙara muku kwanciyar hankali. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da sanyi ya sa a gaba. Tumaki sun fara haihuwa.

Maganar dutsen kabarin Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yayanka Cuthbert, tun da ya buɗe kanti mai tagar gilashi a Newcastle, kansa ya kumbura. Ɗan tsako, samu ka ƙi dangi! Ya zo da matarsa Lavinia, tana tattare siket kamar gidanmu turke ne, ya ce a sassaƙa “attajiri” a ƙarƙashin sunan Baba. Na ce Baba chapman ne, ɗan koli mai ƙunshi a baya, kuma haka ƙauyukan kwarin nan suka kira shi shekara arba'in. Cuthbert ya ce wai kalmar ta mutu, sai a tsofaffin littattafai. Gimbiyar kuwa ta taɓe baki, wai da chapman da huckster duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ji jahilci! Huckster mai tallan bakin kasuwa ne, a saya a manta da shi. Baba kuwa kujera ake ajiye masa kusa da murhu, ana jiran allura da zare da labarin duniya. Ita da ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa!

Limamin coci ya ce mu uku ne, abin da biyu suka zaɓa shi za a sassaƙa, kuma zai jira amsarka. Kafin ka rubuto, ga abin da ba ka sani ba, don ba a haife ka ba. Cuthbert yana ɗan shekara uku ciwon maƙogwaro ya shaƙe shi. Da idona na ga Baba ya zazzage hajarsa a kan ƙanƙara, ya cusa shi cikin ƙunshin, ya goya shi mil tara zuwa wurin likita. Na tuna wa Cuthbert wannan, sai ya ciro agogonsa ya duba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ka gaida Jemima, da yaranku Edwin da takwarata. Gwaggo Tibby tana gaishe ku. Ka aiko da amsa a jirgin ruwa na farko, Ralph. Ƙunshin yana nan rataye a bayan ƙofa, Cuthbert ya ce in ƙone shi.

Yayarka,
Margery