Katifar Kare da Zanen Anko

Lozells, Birmingham
14 ga Oktoba, 2013

Zuwa ga aminiyata Sa'adiya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigida Dakta Maharazu da yara. Yaya ƙafar Inno? Ina fata sanyin Manchester bai tayar mata da ita ba. Mu nan lafiya, sai dai gajiya.

Buhunan tsofaffin kayan da kika tara mana sun iso ranar Talata. Ina buɗewa ƙamshin turaren wutarku ya cika ɗaki, har maigidana Gamaliel ya leƙo yana tambaya ko ke ce kika zo. Ki miƙa godiyata ga matan ƙungiyarku.

Sai dai akwai abin da na ɓoye miki, shi ya sa na ɗauki biro maimakon waya. Na ce miki filo muke ɗinkawa da tsofaffin kaya muna sayarwa don riƙe cibiyar matasan unguwarmu. Da farko haka ne. Kin san tun da hukumar birni, wato council, ta janye hannunta bara aka sallami ma'aikata, ni kaɗai na rage ina buɗe ƙofa da yamma, bayan na taso daga aikin kula da tsofaffi. Asabar uku muna kai filo kasuwar Erdington, babu mai ko ɗagawa. Ran nan ɗaya ya faɗo daga tebur, karen wata tsohuwar Baturiya ya hau ya kwanta, ta ja ta ja ya ƙi tashi, dole ta saya. Tun daga ranar katifar kare muke ɗinkawa, Sa'adiya. Mutanen nan ba za su saya wa kansu ba, amma a kan kare ba sa ko taya farashi.

Na san yadda kuke ɗaukar kare, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Hijabai da jallabiyoyi na ware su gefe, ban sa musu almakashi ba. Amma atamfofin buhun farko an riga an yanka. Ki yafe mini.

Taki har kullum,
Monica

Lozells, Birmingham
20 ga Nuwamba, 2013

Aminiyata Sa'adiya,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida duka. Yaya aiki, yaya fama da yara? Allah Ya sa shirun da nake ji ba na rashin lafiya ba ne.

Sati biyar ke nan ban ji daga gare ki ba, na kuwa san dalili. Margaret da ke zuwa cocin unguwarku, wato maƙwabciyarki, ta kira ni ta ba ni labari. Ashe wata daga cikin matanku ta ga hoto a shafinmu na intanet, wani ƙaton kare ya baje a kan zanen ankon bikin 'yarta, ta zagaya da hoton a taronku, aka tasa ki gaba ana tambayarki abin da ba ki sani ba. Wasiƙata ba ta ma iso gare ki ba sai bayan kwana biyu. Shekara talatin muna tare tun daga makarantar kwana a Jos, ban taɓa sa ki jin kunya a gaban mutane ba sai yanzu da furfura ta fara fito mana. Na sa an cire hoton. Sauran buhunan suna nan ɗaure, zan ba wa direban da ya kawo su ya mayar miki.

Ba don in wanke kaina ba, amma ina so ki san inda zannuwan suka tafi. Akwai Raki, 'yar shekara goma sha shida, wadda aka kora daga makaranta saboda faɗa. Da ta fara zuwa ba ta gaida kowa, kusa da hitar ɗumama ɗaki take zama har a tashi. Yanzu ita ke yankan yadi, ita ke koya wa sauran yadda ake cusa tsumma a katifa don kada ta yi ƙulli. Jiya na iske ta tana warware ɗinkin da na yi, ta ce mini da Turancinsu na nan wai layina ya karkace. Gaskiya ta faɗa. Yatsuna sun kumbura, likita ya ce in ajiye allura wata guda, na yi masa dariya kawai. Yaran nan su ashirin da wani abu ne, idan na rufe ƙofar nan bakin titi za su koma, ni kuwa na san abin da ke jiransu a can.

Na gaji, Sa'adiya. Wani lokaci a cikin bas nakan wuce tashata ban sani ba. Ko zagina ne ki rubuto ki yi.

Taki,
Monica

Lozells, Birmingham
9 ga Fabrairu, 2014

Ƙawata, 'yar'uwata Sa'adiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi wa Inno sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki gaida Dakta, ki shafa mini kan yaronki Salihu.

Direba ya dawo da buhunan, na ɗauka kin ƙi karɓa ne, har na zauna a kan matakala na kasa buɗewa. Raki ce ta kwance bakin ɗaya, sai ga labule da zanen gado da tsofaffin barguna, ga takardarki a sama. Na karanta ta ya fi sau goma. Kin ce ba karen ne ya ɓata miki rai ba, ɓoyewar ce, da na tambaya da tun farko labule za ki aiko. Kin ce gida gida kika bi kika faɗa musu gaskiya, wasu suka rufe miki ƙofa, wasu suka ba da abin da ba a sawa a jiki, har mai zanen ankon ta ba da labulen falonta. Ban san da wane baki zan gode miki ba.

Ga namu labarin. Ginin cibiyar ya tafi. An sayar da shi, ƙarshen watan jiya muka miƙa makulli. Mun kwashe kekunan ɗinki a motar Gamaliel zuwa ɗakin taron cocinmu, inda aka ba mu Talata da Alhamis kawai. Rabin yaran ba su biyo mu ba, kuma ba na jin za su zo. Wasu iyayen ba sa son 'ya'yansu su shiga coci, ban ga laifinsu ba. Mahaifiyar Raki da kanta ta rako ta ranar farko, ta duba ɗakin, ta ce in dai ɗinki ne a ci gaba. Wani shagon kayan dabbobi a Selly Oak ya ce zai riƙa karɓar katifun, don haka tsayuwar kasuwa cikin ruwan sama ta ƙare. Yankan da ɗinkin na bar wa Raki da ƙawayenta, ni yanzu buɗe ƙofa nake yi in dafa shayi, hannun ya ƙi.

Kin ce za ki shigo jirgin ƙasa Asabar mai zuwa. Zan tarye ki a tasha. Roƙona ɗaya, kada ki riƙo buhu ko ƙulli, ki zo hannu sake. Na ɗauki hutun ranar, zan yi mana gwate irin na gida, mu rufe ƙofa mu miƙe ƙafa. Idan barci ya ɗauke ni kina cikin magana, kada ki tashe ni.

Taki har abada,
Monica