Kalmar da Ya Zaɓa

Litinin, 3 ga Maris
Akawun makarantarmu ya ce daga wannan watan albashi sai ta sabon banki. Kowa ya koma. Ni kaɗai na rage. Wai “Malama, cike takarda ce kawai.” Kawai a bakinsa.
Asusun na mu biyu ne, ni da Maigida. Wata biyar da rasuwarsa, amma duk saƙon da bankin ya turo, sunansa ne a gaba, nawa a baya. Nan kaɗai ya rage ana haɗa mu.

Alhamis, 6 ga Maris
Na je tsohon bankin da takardar shaidar rasuwa. Yarinyar da ke kanta ta yi min gaisuwa, sannan ta ce kafin a rufe asusun sai na faɗi kalmar sirrin da ya zaɓa ranar da muka buɗe. Shekara ashirin da biyu! Na faɗi sunan mahaifiyarsa. Ba shi ba. Sunan babban ɗanmu. Ba shi ba. Ta ce, “Mama, saura ɗaya, ki je ki yi tunani.”
Kunya ta kama ni. Mutumin da nake cewa na san tarinsa daga bakin layi.

Talata, 11 ga Maris
Ban je ba. In gaskiya zan faɗa, daɗi na ji da na kasa.

Asabar, 15 ga Maris
Na birkice ɗaki ina neman tabarau, ina ta faɗa. Auta ta leƙo ta ce, “Mama, ga shi a goshinki. Baba ya yi gaskiya, Uwar Mantuwa!” Ta yi dariya, sai ta ga fuskata ta daina.
Sai na tuna. Ranar yana cike fom ɗin yana murmushi, ya kare da hannu kamar ɗan jarrabawa. Ya ce, “Na zaɓi wadda ko ke ba za ki manta ba.”
Ka ga, na manta ɗin.

Litinin, 17 ga Maris
Na koma tsohon bankin, na faɗa a hankali, don kada na bayana su ji. Yarinyar ta danna, ta ɗago kai ta ce, “Ita ce, Mama.” Na yi kuka a gaban mutane, ni da na tsani haka. Ta miƙo biro. Layi biyu ne na sa hannu. Na cike nawa.

Juma'a, 28 ga Maris
Saƙon sabon banki ya shigo ina aji. Sunana shi kaɗai. Gajere ne, ashe. Na kife wayar na ƙarasa darasin, har na yi wa ɗalibai tsiya a kan rubutunsu.
Ranar da na je sabon bankin, su ma sun ce in zaɓi kalmar sirri, in rubuta in ajiye saboda mantuwa. Na kare fom ɗin da hannu. Ban rubuta ta a ko'ina ba.