Fitila a Madadin Rana

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba?

Lafiyata ƙalau, kada ki damu. Har yanzu ina kan binciken siririyar shimfiɗar nan ta cikin allon sola, wadda ke kwasar wutar da haske ya haifar ta miƙa wa waya. Ɗakin gwajinmu ba taga, fitila muke kunnawa a madadin rana. Jiya shugabana ya tarar na tara hannu ƙarƙashin fitilar, idona a rufe. Ya ce, "Me kike aunawa?" Na ce ɗumi. Alhali a zuciyata ina tsakar gidanmu, ina miƙo miki kayan shanya.

Sati uku rabona da ganin rana ta gaskiya. Allah ya ƙara miki lafiya. In kin fita shanya gobe, ki ɗan daɗe a cikinta, ki sha har da nawa.

'Yarki