Rangwamen Kamfani

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ciwon gwiwar nan ya sake ki kuwa? Mu nan lafiya lau, Maman yara tana gaishe ki.

Kin daɗe kina yi mini tsiya wai tumbina yana riga ni shiga ɗaki. To, ƙaninki ya shiga gidan motsa jiki. Guda uku na zagaya. Na kusa da gida wata-wata ake biya, amma injinansa duk tsatsa. Na biyun ko farashi ban tsaya ji ba, tsadaddun takalman da na gani a ƙofa sun ishe ni. Na ukun yana da yarjejeniya da kamfaninmu: kamfani ya biya rabi, a riƙa cire rabi daga albashina har shekara biyu. Da na ji an ce rabi, kunnena ya toshe. Shafi shida ne takardar, a tsaye na sa hannu.

Kullum in na sauke ma'aikatan safe a masana'anta, sai in ajiye bas in je in hau injin gudu. Sati uku ke nan. Jiya dai ƙirjina ya riƙe, na farfaɗo a ƙasa mai horarwa yana yayyafa mini ruwa. Ya ce rashin karin kumallo ne. Gobe zan ga likita. Kada ki gaya wa Maman yara.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan gida lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Likita ya ce zuciyata takan tsallake bugu. Ya hana ni gudu, ya kuma rubuta cewa in bar tuƙa babbar mota wata shida, a ga yadda magani zai karɓe ni. Na ninke takardar na sa a aljihu. Ban daina fita aiki ba.

Na je gidan motsa jikin a soke mini rajista. Manajar wurin mace ce mai fara'a, har kujera ta jawo mini, sannan ta buɗe shafi na huɗu. Hanya biyu ce. Ko in biya sauran wata ashirin da uku a dunƙule, har da kason kamfani, ko in kawo takardar likita a soke kyauta. Har na sa hannu a aljihu ina murna, sai ta ƙara da cewa tunda kamfani ne ke biyan rabi, takardar sai ta bi ta ofishin ma'aikatanmu an buga mata hatimi. Na zare hannuna ba komai a ciki.

Kin san ranar da suka karanta ta, ranar za su karɓi makulli. Direban da aka sauke ba ya komawa, na ga an yi wa mutum biyu. Na ce mata to a bar shi, a ci gaba da cirewa, ba sai na zo ba. Ta ce duk ƙarshen wata suna aika wa kamfani sunayen waɗanda suka daina zuwa da dalili, kuma mai horarwa ya riga ya rubuta faɗuwata. In na biya na fita kafin nan, sunana ba zai shiga ba. Saura kwana tara.

Kuɗin ya kai albashina na wata huɗu. Ban taɓa roƙonki ba, yau ina roƙo. Tsoro nake ji, Yaya, shekara goma sha shida ban iya komai ba sai sitiyari.

Allah ya bar zumunci.
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso. Na san kuɗin da kike tarawa na aikin gwiwarki ne, ko da ba ki faɗa ba. Ga su nan na dawo miki da su, ban taɓa ko kaɗan ba.

Da su a jaka na fita ranar Litinin, da niyyar in biya bayan na sauke mutane. Mutum arba'in da biyu ne a motar. A bayana akwai mai kula da sito, cikinta wata bakwai, kullum a nan take zama don ta ce tuƙina ba ya jijjiga ta. Muna gangarowa daga gada idona ya rufe. Ban san tsawon lokacin ba. Da gani ya dawo, tayar gaba tana gogar shingen gefen titi, ƙafata ba ta kan birki. Na daidaita motar. Ba wanda ya lura, wasu barci suke, wasu suna kan waya. Da muka isa, kowa ya sauka yana yi mini sannu da aiki, ita ma ta yi.

Na ajiye bas ɗin. Daga nan na tafi wurin manajar gidan motsa jikin. Ta ga jakar, ta jawo littafin rasit. Na ajiye mata takardar likita a kai. Ta karanta, ta ce na yi sa'a, ko tara ba zan biya ba.

Yau da rana aka kira ni ofis, aka karɓi makulli. Ban san abin da za mu ci nan da wata biyu ba, kuma har yanzu ban gaya wa Maman yara ba. Tana tsakar gida yanzu haka tana goge mini rigar aikin gobe. Da na rufe wasiƙar nan zan fita in ce ta kashe dutsen gugar.

Ki sa ni a addu'a, ki je a duba gwiwar nan.
Naki har kullum,
Auta