Tubalin Gayya da Tsohon Harsashi

Inna Yakura, don Allah ki taimaka mini, kunya na neman kai ni ga halaka.

Daminar bana ruwan kwana biyu ya rushe ɗakinmu a wani ƙauye kusa da Bande, da hantsi. Bango ya danne 'yata Balkisu. Maƙwabcina Malam Isufu ne ya tono ta da hannunsa har farcensa ya cire. Yau ga ta tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, sai ɗan ɗingishi. Wallahi ban san bakin da zan gode masa ba.

Muna zaune a zaurensa tun lokacin. Bayan girbin gero ya tara gayya ban sani ba, na dawo daga kasuwa na tarar an kwaɓa ƙasar rusasshen ɗakin an yi tubali, har ya ƙara mini azara huɗu. Nufinsu a ɗora kan harsashin da mahaifina ya kafa. Na yi hawaye.

To, Sale magini ya ja ni gefe ya ce harsashin ya sha ruwa, ƙasar kuma ta gefen turken awaki ce, fitsari ya cinye ta, ba za ta kama ba. In na ƙi, a ce na yi butulci. In na karɓa, a ƙarƙashin ginin nan Balkisu za ta kwana. Yaya zan yi?

Mai godiya, daga Bande

Ɗana, barka da arziki, Allah ya saka wa Malam Isufu.

Gayyar nan da zuciya ɗaya aka yi ta, amma ruwan sama bai san gayya ba. Shi ma Sale, me ya sa yake raɗa? Ka haɗa shi da Malam Isufu a gaban harsashin, a tona gefe ɗaya kowa ya gani, a saki tubali ɗaya daga tsayin ƙirji. In ya wargaje, ba kai ka faɗa ba.

Ba abin da za a zubar. Azara ta hau rufi, tubalin ya tafi katanga ko turken awaki, a kwaɓa wa ɗaki sabuwar ƙasa, a sake harsashi in ya ruɓe.

Ka daina tsoron fushin Malam Isufu. Mutumin da ya tono 'yarka sau ɗaya ba ya fatan sake tono ta. Allah ya ba Balkisu lafiya, ya sa ku shiga ɗakinku kafin ruwan baɗi.

Inna Yakura