Dalma a Tankin Marsandi

Gusau

Ƙanwata Kamila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da Mubina, mijinki Tajuddeen ya kira ni ransa a ɓace. Ya ce kin ɗauki 'yarsa kin bar gidanku na Sentul kin tare wurin wata ƙawarki, wai a kan mota. Mota, Kamila? Karatu ya kai ki Malesiya ko rigima? Ki koma ɗakinki tun maganar ba ta kai kunnen Inna ba.

Ku huta lafiya.
Yayanki, Abdulgani

Kampung Baru

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, a gaida Inna. Na rubuto ne don in waya ce ba za ka bar ni in kai aya ba.

Eh, a kan mota ne. Tsohuwar Marsandi ce da ta girmi Inna, ya saya hannun wani dattijo Ba'indiye a Brickfields. Ban taɓa hana shi ba, har goge masa ita nake yi ranar Lahadi. Ashe injinta na zamanin da ake sa dalma a fetur ne, man yanzu kuma yana cinye masa mazaunin bawul. Sai ya yi odar wasu kwalabe yana tsiyayawa a tanki, ya ce mini maganin inji ne.

Ran nan na nemi mazurarin da nake ɗura man gyaɗa da shi na rasa. Can ya shigo da shi yana warin fetur, ya ɗauraye ya mayar mini cikin kwanuka, kusa da kofin Mubina. Na ɗauki kwalbar na karanta. Dalma ce, Yaya, tsagwaronta.

Kai ka ɗauki ƙaninmu Adnan a kafaɗa shekarar da dalma ta shiga ƙauyenmu daga niƙan dutsen zinari. Kai ka ga yadda autan Inna yake sanƙarewa, ni kuwa ina riƙe da ƙafafunsa. Yau ni za a ce in zauna ana hura wa 'yata ita ta salansar mota? Wallahi ba da ni ba. Ka gaya wa Inna, ko ni in gaya mata da bakina.

Ina wurin ƙawata Hannatu, lafiyarmu ƙalau. Allah ya ƙara girma.
Ƙanwarki mai taurin kai, Kamila

Sentul

Maman Mubina,

Sallama da gaisuwa. Yaya Abdulgani ya kira ni, ban taɓa jin muryarsa haka ba. Bai yi faɗa ba, ya dai ce in saurare ki, ya kashe waya.

Batun mazurari na yi kuskure, na jefar da shi. Amma ki yi mini adalci. Ɗan murfi ɗaya nake zubawa a tanki guda, motar kuma sai Lahadi take fita. Me ya haɗa wannan da abin da ya faru a garinku? Bakanike ya ce in na ƙi, sai dai a sauke kan injin a canza mazaunin bawul. Injin da ba a taɓa kwance shi ba tun daga kamfani! In aka taɓa shi, ya zama kamar na kowa. Wannan kam ba zan yi ba.

Ki kai Mubina a auna jininta. In an samu wani abu, ni da kaina zan zubar da kwalaben. In ba a samu ba, ki dawo gida. Gidan ya yi mini faɗi, kullum a mamak, shagon abincin Indiyawa, nake cin abinci.

Naki har kullum,
Tajuddeen

Kampung Baru

Abban Mubina,

Na gaishe ka. Na kai ta an auna. Alhamdu lillahi, jininta tas yake, likita ta ce babu komai.

Na san murna za ka yi ka ce ka ci gari. Ni ma ina kewarka, ba zan ɓoye ba. Amma ban dawo ba. Sharaɗinka shi ne sai an samu a jikinta sannan ka daina, ni kuwa na taɓa ganin yaron da aka samu a jikinsa.

Tana ta kiran Abba. Ka zo ka gan ta ranar Lahadi, tashar jirgin ƙasa tana bakin layinmu. Kada ka zo da motar.

Matarka,
Kamila