Injin Ban-Ruwa Ba Shi da Kartigris

Daga: Zakariya'u Suma'ila, mai lambu, ƙauyen Tsamiyar Gana, Guna

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Wucin Gadi na Rabon Man Fetur, Damagaram

Litinin, 17 ga Maris 2025

Game da: Hana masu lambu sayen esansi a bido

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan ana shan ruwa lafiya a wannan wata mai alfarma, ina neman izinin gabatar da ƙorafina. Ni ɗan Malam Suma'ila ne. Na gama lise, wato babbar sakandare, shekara biyu da suka wuce, ban samu aiki ba, na koma lambun mahaifina, wanda ciwon ƙafa ya zaunar. Albasa muka shuka, fangali tamanin. Saura mako uku a cire ta. Yau kwana goma sha biyu ba ta sha ruwan kirki ba.

1. Ranar 3 ga wata kwamitinku ya sanar cewa, saboda ƙarancin mai, ba za a ƙara zuba wa kowa esansi, wato fetur, a bido ko wata jarka ba, sai a tankin abin hawa, kuma sai da tike na izinin saye mai ɗauke da lambar kartigris, wato takardar mota. An ce don a daƙile 'yan ruwa-ruwa masu tsallakar da shi iyaka. Ban ƙi dalilin ba. Amma injin ban-ruwa ba ya tafiya da ƙafarsa, kuma ba a yi masa kartigris.

2. Ranar 6 ga wata na ɗora injin a amalanken jaki, tun da an ce tanki ake so. Na shigo Damagaram, na bi layi daga hantsi zuwa la'asar, da azumi a bakina. Da na kai gaba, mai zuba mai ya duba injin, ya duba jakin, ya tambaye ni wanne ne mai lamba. Mutane suka yi dariya. Ban yi ba. Ya tura ni buronku, ofishin kwamiti.

3. Ranar 10 ga wata na je buron. Sakatare ya ce batun noma na ma'aikatan gona ne. Na je can ranar 11, aka ce batun mai na kwamiti ne. Na dawo ranar 13, aka ce shugaba yana taro.

4. Wataƙila za a ce mu koma guga kamar iyayenmu. Ina roƙon mai girma ya saurari wannan da kyau. Da muna da rijiya da jigo. Shekara bakwai da suka wuce wata ƙungiyar raya karkara ta zo ta ce an daina wahala, ƙasarmu ta zama mai arzikin mai. Suka kafa mana bututu mai faɗin tafin hannu, suka ba da inji. Mahaifina ya cike tsohuwar rijiya da hannunsa, saboda tana zubewa kuma ta taɓa cinye mana akuya. Haka duk layin lambunmu suka yi. Yanzu ruwan yana nan. In ka kara kunne a bakin bututun kana jin sanyinsa. Guga ba ta shiga. Ƙanwata Barira ta ɗaura gwangwanin tumatir a zare, shi take zurawa. Yini guda, fangali ɗaya da rabi.

5. Maƙwabcinmu Lawali, mai kabu-kabu, ya tsiyayo mini lita ɗaya daga tankin babur ɗinsa. Aka gan shi, aka ce ruwa-ruwa yake, aka karɓe masa tike. Yanzu gida biyu ne a zaune. Ba ma iya haɗa ido a masallaci.

6. Ranka ya daɗe, na san ba kai ka ƙirƙiri ƙarancin ba. Ina jin rediyo. A lise an koya mana cewa in kaya ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, farashi ya hau. Na san Najeriya ta cire tallafi, man da ke shigo mana da araha ya ɗauke, kowa ya koma kan namu. Ina jin ana maganar yaƙin Rasha da Yukren, da rufe iyakar Benin, da ɗanyen man da ake turawa teku ta bututu, da manyan ƙasashe masu yanke yawan gangar da za a haƙo. Na rubuta irin wannan a jarrabawa, na ci. Amma ba wanda ya gaya mini inda mai lambu zai tsaya a ciki. Matatar mai tana arewa da Damagaram, iyaka tana kudu da mu, manyan tankokin mai suna wucewa a kwalta, mu muna tsakiya muna kallo. Lita uku nake nema a rana.

7. Tafiya ma ba ta yiwu mini. Abokaina sun yi Agadas, wasu Kano. Ni ba zan bar tsoho da ƙafa a kumbure ba. Kullum da safe yana tambayata ko an ba da man. Ya daina fita ƙofar gida, don kada ya hango lambun. Tun da man ya yanke bai taɓa ambaton rijiyar ba, ni ma ban taɓa ba.

Saboda haka ina roƙon mai girma, cikin ƙanƙan da kai:

a) A ba masu injin ban-ruwa tike nasu, bisa shaidar maigari. Kowane inji yana da lamba a jikinsa. Ta namu na kwafe ta a bayan wannan takarda.

b) A mayar wa Lawali tikensa. Laifin nawa ne, ni na roƙe shi.

c) In ana shakka, a turo mutum ya gani da idonsa. Zan zo da jaki in ɗauke shi daga bakin kwalta.

Ganyen albasar ya fara kwanciya. Masu lambun da suka girme ni sun ce ba za ta wuce Juma'a ba. In amsa za ta zo bayan haka, a bai wa wani tikena.

Tun shekaranjiya na fara tone tsohuwar rijiyar. Tun ina yaro na ji mahaifina yana cewa ruwanta yana gaba tara. Na haƙa biyu.

Allah ya ja zamanin mai girma, ya ba shi ikon dubawa.

Naka mai biyayya,

Zakariya'u Suma'ila
Tsamiyar Gana, Guna